Ajin da Ake Raɗa wa Suna Duk Shekara

Abu ɗaya Anti Fenti take nema a duniyar nan, kuma duk wanda ya taɓa zama da ita ya san shi: takardar ɗaukar aiki na dindindin. Mota ba ta gabanta, kujera ma haka. Takarda kawai take so mai hatimi, wadda za ta ce baiwar Allahn nan ma'aikaciya ce, albashinta zai riƙa zuwa ƙarshen wata, ranar da ƙarfinta ya ƙare a ba ta fansho. Shekara goma sha wani abu tana koya wa yara zane da ginin laka a wani ɗaki da ke bayan ɗakin karatu na yankinsu, amma a wurin hukumar da ke raba tallafin koyar da fasaha, har gobe 'yar wucin gadi ce. Wucin gadin ya kai ta har furfura ta fara leƙo mata a gefen kunne.

Ubanta mai fentin gidaje ne, mutum mai faɗa da tari. Tun tana ƙarama ita ke dama masa fenti a bokiti, har ta fi shi sanin inda shuɗi yake tsayawa kore ya fara. Shi aikin asibiti ya so ta yi, ita kuwa ta nace sai kwalejin malamai, ta fito da takardar koyar da zane. Ya kalli takardar sama da ƙasa ya ce to, Allah Ya sa a ci abinci da ita. Ta auri wani mai gyaran wutar lantarki, suka haifi 'ya ɗaya, ciwo ya kwantar da shi bai tashi ba. Ta kwaso 'yarta da akwatunanta ta dawo gidan yayanta, tsohon direban bas da baya ya hana shi tuƙi, ya ba ta ɗakin da ke kusa da ƙofa. Har yau shi Auta yake ce mata. Anti Fenti kuwa yara ne suka laƙaba mata, don ba ta da mayafin da babu ɗigon kala a jikinsa.

Ɗakin da take koyarwa asalinsa sito ne. Taga ɗaya gare shi, mai wayar da sauro ya daina jin tsoro. Akwai famfo a lungu wanda sai ya yi tari ya yi kaki kafin ya ba da ruwa, da benci-benci da ta roƙo daga wata makarantar da ta sake kujeru, da igiya daga bango zuwa bango inda ake shanya zanen da bai bushe ba. Gwangwanayen madara su ne mazubin fenti. In an tashi daga makaranta yara sukan cika ɗakin maƙil, har da na zaune a bakin ƙofa da kwali a cinya. Ta iya koyarwa, wannan kam ba a ƙwace mata. Yaron da bai iya riƙe fensir ba, in ya yi wata biyu a hannunta, sai ya zana kakarsa har a gane ta a gida.

To, hukumar nan da ke babban birni tana da wata cuta, kuma cutar ce ta ci matar nan. Ba ta tallafa wa abin da yake raye, sai wanda za a haifa. Dalili kuwa ba ɓoyayye ba ne: sabon shiri ana ƙaddamar da shi, a ɗaura jan ƙyalle a ƙofa, a yanka, a yi tafi, a ɗauki hoto a manna a bangon ofis. Tsohon aji fa, me za a yanka a jikinsa? Mutanen da ba su taɓa wanke buroshi ba su ne suka zauna a ɗaki mai sanyi suka yanke cewa koyar da yaro zane abu ne da ake farawa, ba abin da ake ci gaba da yi ba.

Shekarar farko ta samu tallafi da suna mai sauƙi, Ajin Zane na Yara. Da ta nemi na shekara ta biyu aka ce mata babu, an riga an yi wannan. Tana zaune a ɗakin tana share hawaye da gefen mayafi sai ga jami'in hukumar na yankin ya shigo. Mutanen wurin Mai Almakashi suke ce masa, don yana da wani ƙaton almakashi mai ruwan zinariya da yake yawo da shi a jaka, kuma ban da shi ba a san wani aiki da yake yi ba. Gajere ne mai ƙamshin turare, mai magana ƙasa-ƙasa kamar kullum sirri yake faɗa.

Ya ce, "Haba Malama, ke ma dai. Wa ya ce ki gaya musu ci gaba za ki yi? Rufe wannan ki buɗe sabo."

"Da waɗanne yaran, ranka ya daɗe?"

"Da waɗannan mana. Su can sun san fuskokinsu ne?"

Ya ja benci ya zauna, ya koya mata abin dalla-dalla. Ƙarshen kowace shekara za ta rubuta cewa shirin ya tsaya. In aka tambayi dalili, ta ce bai samu karɓuwa ba, don in ta ce ya yi kyau za a ce to ya tsaya da ƙafarsa. Daga nan sai ta nemi tallafin sabon shiri, da sabon suna. Sunan kuwa shi zai riƙa ba ta haske, don shi yake jin kalmar da ogoginsa suke yayi a shekarar.

Haka aka yi ta yi. Shekarar da ake yayin zaman lafiya, ajin ya koma Zane Don Zaman Lafiya. Da aka koma kan muhalli, ya zama Laka da Muhallinmu. Aka yi Matasa da Launi, aka yi Yara Mata a Sahun Gaba, duk da rabin ajin maza ne, ranar hoto sai a tura su sayen ruwa. Har wata shekara aka yi Fasahar Zamani Ga Kowa, a ɗakin da ko soket ba shi da shi. Yaran su ne dai, famfon shi ne dai, da tarinsa. Allon da ke saman ƙofa kawai take saukewa ta shafe da fari ta rubuta sabon suna da hannunta mai kyau, har allon ya yi kauri ya yi nauyi, sai da aka ƙara masa ƙusa. Akwai yarinyar da ta shiga hoton sababbin ɗalibai tun tana da giɓi, ba ta daina zama sabuwa ba sai da ta gama sakandare.

Yayanta ya mai da abin na tsokana. In ya ga ta shigo da gwangwanin farin fenti sai ya miƙe daga kishingiɗe.

"Auta, an sauka lafiya? Bana me sunan jaririn?"

"Yaya ka bari don Allah, ba abin dariya ba ne."

"Ni dai tambaya na yi. Na bara fa, shi ma ya koma?"

Ita ma sai ta yi dariyar, kuma a nan ne take ba mutum haushi. Kada a yi saurin jin tausayinta, domin ba da kuka ta yi shekarun nan ba. Ta ƙware a abin, har tana taƙama da shi. Ta iya jera yara a hoto, manya a baya an duƙar da su, ƙanana a gaba. Ranar ƙaddamarwa ita ke ɗora almakashin a faranti ta miƙa masa da hannu biyu tana rusunawa, ya yi barkwancin da ya yi bara da bara waccan, ta ƙyalƙyale kamar yau ta fara ji. Matar da ta san darajar aikinta, ta koma 'yar amshin mutumin da bai san bambancin ruwan ƙasa da ruwan toka ba. In an yi mata magana sai ta ce ai don yaran take yi. Gaskiya ne, don yaran ne. Amma tana jin daɗin yadda yake nuna ta ga baƙi yana cewa ga mace mai basira, duk shekara da sabon tunani.

A jikin ɗakinta akwai wani ɗakin, na malamin kiɗa, wanda ake kira Mai Gita. Tare suka fara. Shi da aka hana shi tallafin shekara ta biyu sai ya ce alhamdu lillahi, hutu ya samu. Bai sake neman komai ba, bai kuma mayar da makulli ba. Ya kafa tebur a bakin ƙofar yana sayar da katin waya, gitar tana rataye a ciki, tsirkiyarta ta tsinke ta nannaɗe. Ɗalibi ko na rantsuwa ba shi da shi. Allonsa yana nan yadda aka kafa shi ranar farko, Sashen Koyar da Kiɗa, rana ta cinye rabin rubutun, tsuntsaye sun yi wa sauran ado. Anti Fenti ta raina shi raini mai tsanani. In za ta wuce sai ta ɗauke kai, shi kuwa ya bi ta da, "Maƙwabciya, a gaishe ki da ƙoƙari," yana sosa ciki.

Ana nan sai aka yi sabon darakta a hukumar, ya zo da tasa kalmar, ɗorewa. Aka sanar cewa za a ba da aikin dindindin, gurbi ɗaya a kowane yanki, ga malamin fasahar da aikinsa ya daɗe yana tafiya. Ranar da labarin ya zo mata, Anti Fenti ta zauna a kan benci tana lissafi. Wa ya kai ta daɗewa? Wa ya kai ta yara? Mutum biyu ne kacal a yankin, ita da mai katin waya. Yayanta ya bi maƙwabta gida-gida yana cewa Auta ta zama ma'aikaciyar gwamnati, saura sa hannu. 'Yarta, wadda yanzu ta zama budurwa tana koyon ɗinki, ta ɗinka mata sabuwar riga, ta saya mata mayafin da ta hana ta shiga aji da shi. Ita kuwa ta zauna ta zaɓo zanen yara na duk shekarun, kowanne da sunan mai shi da shekarar a ƙasa, ta cika wata jakar leda mai zif. Nufinta a ga yadda hannun yaro ɗaya yake girma daga shekara zuwa shekara.

A ofishin yankin aka yi ganawar tantance masu neman gurbin, da hantsi. Yayanta ya rako ta, ya samu inuwa a bakin get ya zauna. Mai Gita aka fara kira, ya shiga da kwat ɗin aro mai gajeren hannu, bai daɗe ba ya fito yana washe baki. Sannan aka kira ta.

Mutum uku ne a bayan dogon tebur. Darakta a tsakiya, saurayi-saurayi, da agogo mai faɗi. A damansa wata mata mai tabarau da suka zo tare daga birni, fuskarta da alamun kirki. A can ƙarshe kuwa Mai Almakashi ne, ya sunkuyar da kai yana wasa da murfin biro. Da ta gan shi sai hankalinta ya kwanta, ta ce a ranta ga shaidarta nan. Ta gaishe su ta zauna, ta ajiye jakar a gefen ƙafarta.

Darakta ya fara karanto sunayen ɗaya bayan ɗaya, tun daga Ajin Zane na Yara. Tana jin su tana gyaɗa kai da murmushi, kamar uwar da ake lissafa mata 'ya'ya. Da ya kai ƙarshe ya ɗago.

"Duk waɗannan naki ne, Malama?"

"Nawa ne, ranka ya daɗe."

"Kuma babu ko ɗaya da ya wuce shekara. Kowanne ke da kanki kika rubuta cewa bai samu karɓuwa ba. Me yake faruwa ne? Duk abin da kika taɓa sai ya mutu?"

Murmushin ya tsaya mata a fuska. Wallahi har zuwa wannan lokacin bai taɓa zuwa mata a rai cewa akwai mai karanta abin da take rubutawa ba. Ta ɗauka magana ce kawai da ake yi don a wuce ƙofa. Ta kai hannu ga zif ɗin jakar.

"Ranka ya daɗe, ai gaskiyar magana ita ce..."

Mai Almakashi ya yi gyaran murya. Bai kalle ta ba, Darakta ya fuskanta, da muryar nan tasa ta sirri.

"Yallaɓai, a gafarce ni, don dai Malama ta san inda za ta sa ƙafa. Ƙa'idarmu ta ce duk wanda aka samu ya karɓi tallafin sabon shiri alhali tsohon aji yake yi, zai mayar da duk abin da ya karɓa, a karɓe ɗakin, a cire sunansa. Ba wai ina nufin Malama ba. Ni a iya sanina, duk shekara sabon abu nake zuwa in buɗe."

Mutumin da ya ja benci ya koya mata ke nan. Ko murfin biron bai ajiye ba.

Mai tabarau ta jingino gaba, ta yi magana a hankali, irin ta wanda yake son ya taimaka. "'Yar'uwa, tambayar mai sauƙi ce. Aji ɗaya ne kike sauya wa suna, ko shirye-shirye ne daban-daban da ba su yi rai ba? Faɗi abin da yake shi ne."

Anti Fenti ta ga abin da ke gabanta sarai, babu duhu a ciki. In ta ce aji ɗaya ne, ta fi kowa daɗewa a yankin nan, amma da bakinta ta ce ita macuciya ce, ta yi shekaru tana yaudarar hukuma. Za a rufe ɗakin, a biyo ta gidan yayanta neman abin da ya riga ya zama fenti da kwali da abincin bakinsu. In ta ce daban-daban ne, ɗakin ya tsira, yaran da za su zo da yamma za su tarar da ƙofa a buɗe, takardar da ta yi rabin rayuwarta tana jira kuwa ta tafi ke nan. Ta sake duban Mai Almakashi ko zai ɗago. Yana can yana nazarin farcensa.

Ta janye hannunta daga zif ɗin. Ta sa diddige ta tura jakar ƙarƙashin kujera, don abin da ke ciki yanzu ya zama shaida a kanta: sunayen yara iri ɗaya, shekara bayan shekara.

Ta ce, "Daban-daban ne."

"Duk mutuwa suka yi?"

"Mutuwa suka yi, ranka ya daɗe."

"Yaran fa?" in ji mai tabarau. "Ba wanda yake zama?"

Ta tuna da cikar ɗakin, da na bakin ƙofa masu kwali a cinya. Ta ce, "Watsewa suke yi."

Darakta ya girgiza kai, ya yi ɗan rubutu. Ya ce abin da yake faɗa ke nan tun da ya zo, an yi shekaru ana zuba dukiyar jama'a a abin da ba ya kama ƙasa. Ya ce ta dubi maƙwabcinta, bawan Allah, suna ɗaya, wuri ɗaya, tun ranar da ya fara, kuma bai taɓa damun hukuma da roƙo ba. Irin wannan ake nema, kuma shi za a ba. Mai Almakashi ya ce ƙwarai kuwa, yallaɓai, shi ma ya daɗe yana lura da natsuwar mutumin.

Mai tabarau ce ta ƙarasa ta, kuma da zuciya ɗaya ta yi. Ta ce kada ta ji komai, koyarwa baiwa ce, ba kowa Allah Ya ba ba. Riƙe yara sai mai haƙuri da dabara. Tun da an ce tana da hannun rubutu, me zai hana ta gwada rubuta allunan shaguna? Ana samu a ciki.

Anti Fenti ta miƙe, ta gyara sabon mayafinta, ta rusuna har gwiwarta ta yi ƙara, ta ce, "Na gode, Hajiya. Allah Ya saka da alheri." Wannan godiyar ta fi komai ciwo a labarin nan. Ba wanda ya tilasta mata ita, jikinta ne ya saba. Ta duƙa ta jawo jakarta ta fita.

Yayanta yana hango ta ya dafa bango ya tashi, bakinsa har kunne.

"Auta, yaya? Mu fara cewa ranki ya daɗe?"

Ta zo ta tsaya a gabansa riƙe da jakar. Ya dubi fuskarta, dariyar ta koma ciki.

"Me suka tambaye ki?"

"Yarana suka tambaya, Yaya."

"To ai shi ke nan. Kika ce musu me?"

"Na ce ba ni da su."

Sai ya karɓi jakar daga hannunta, da ciwon bayan nasa da komai, suka kama hanyar tashar mota yana gaba tana biye.